Bugaje Da Maraɗi: Yaro Ya Koyi Harshe A Gidan Mai Masauki

Zancenmu na yau a kan wata al'ada ce ta makarantun Turai, wadda suke kira musayar ɗalibai. Makaranta takan ɗebi yaranta masu koyon wani harshe, ta kai su ƙasar masu harshen nan, a rarraba su gidajen mutane, kowane yaro da mai masaukinsa. Can zai ci, can zai kwana, har mako biyu ko uku. Sa'an nan yaran gidajen nan su ma su zo, a rama musu karimci.

Abin ya yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 22 ga Janairu 1963 Janar Digol na Faransa da Shugaba Adenawa na Jamus suka sa hannu a kan alkawarin zumunci, a cikin shekaran nan kuwa aka kafa ofis musamman domin musayar samari. Tun daga lokacin miliyoyin yara sun kwana a gidajen waɗanda kakanninsu suka yaƙi juna.

To, kada mai karatu ya zaci wannan baƙon abu ne gare mu. Malamai sun san labarin Shaihu Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin hisabi, wanda ya yi hajji, ya zauna Alƙahira a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, har ajali ya same shi a gidan nan a 1741. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya tafi Agadas wurin malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Fatake kuwa ba sai an gaya musu aikin fatoma ba. Mai zuwa Gwanja neman goro, in ya isa Salaga, mai gidansa ke saukar da shi, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa a ciniki, a ba shi la'adarsa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne sun sa yaran makaranta a ciki, sun kuma yi masa tsari da takarda.

Yanzu mu dubi gida. Bugaje tana cikin ƙasar Jibiya, a Jihar Katsina, kusa da iyakar Nijar. Mai fita ta Magama, da ya wuce shingen kwastan, sai Ɗan Isa, sai Maraɗi, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka daga Jibiya. Mutanen can dangi ne. Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsina. Daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka da alkawuran 1904 da 1906. Daga nan ɗan wa ya shiga makarantar Ingilishi, ɗan ƙane ya shiga ta Faransanci.

Ga abin mamaki. A Nijeriya an sa Faransanci cikin manhajar ƙananan makarantun sakandare, a Nijar kuwa ana koyar da Ingilishi tun daga koleji. Amma yaron Bugaje yakan haddace nahawun Faransanci a littafi, ya gama bai taɓa jin an sayi gishiri da shi ba. In ya kai jami'a ya zaɓi wannan fanni, sai a aike shi Ƙauyen Faransanci da gwamnati ta kafa a Badagiri a 1991, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kamar yadda a da ake aika masu Larabci Ngala ta Jihar Barno. Alhali kuwa ga Maraɗi nan da makarantunta, har da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, inda mota za ta kai shi kafin azahar.

Wani zai ce, ai Maraɗi garin Hausa ne, yaron da aka kai can Hausa zai yi ta ji, ina Faransanci? Wannan magana gaskiya ce, ita ce kuwa babbar matsalar al'amarin. Balle ma a 2025 hukumar Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Saboda haka amfanin tafiyar duka ya rataya ne a wuyan mai masauki. In an sauki yaro a gidan malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko akawu, aka yi sharaɗi cewa daga magariba zuwa lisha, ko lokacin cin abinci, ba a magana da shi sai da Faransanci, aka riƙa aikensa gidan waya da kantin magani ya karanta takarda da kansa, to, mako uku sai su fi masa zangon karatu guda. In kuwa an bar shi da tsararrakinsa a ƙofar gida, zai komo da ƙiba da labari, harshe kuwa babu.

Har wa yau, ko Hausar kanta akwai abin koyo. Abin da muke kira makarantar boko su lakwal suke ce masa, malaminta kuwa mushe. Kwastan ɗinmu shi ne duwan nasu. Fatake sun san haɗarin wannan a lissafi: jaka a wurinmu naira 200 ce, a can kuwa jikka sefa 1,000 ce, dala ɗaya sefa 5. In Bamarade ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Yaron da ya koyi wannan a bakin uwar gidan da ya sauka, ba mai ruɗa shi a kasuwa in ya girma.

Ba za mu ɓoye wahalar hanya ba. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, aka sāke rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙasar Jibiya kuwa ta sha wuyar 'yan bindiga, haka ma ƙauyukan Madarunfa a tsallake. Uban da ya ce ba zai saki ɗansa ba sai ya natsu, bai yi laifi ba. Don haka ba a yin irin wannan tafiya sai da izinin hukumar ilmi da ta tsaro na ɓangarorin biyu, da takardun ƙetare iyaka cikakku, da malami mai rakiya, a kuma yi tafiya da rana.

Iyaye kuma suna da abin da za su tambaya tun kafin su yarda. Wane ne mai masaukin, wa ya san shi, wa ya tsaya masa? Yara nawa ne a gidan, ina baƙon zai kwana? 'Yan mata a hannun wace dattijuwa za su zauna? In ciwo ya kama yaro, wa zai biya magani? A rubuta amsoshin nan, da boko da ajami, domin uban da ajami kaɗai ya sani ya karanta da idonsa. Shi kuma yaro a ja masa kunne: ya ci abin da aka ci, ya tashi salla tare da masu gida, kada ya yi dariyar Hausarsu, kada ya fita sai da sani.

Malamai sun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, kada a dogara ga tafintan da ba a amince da shi ba. Wannan bukata tana nan. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Ranar da kaya suka fara bin ta, takardunsu da Ingilishi da Faransanci za a cika su, wani kuwa zai cika su a biya shi. Muna roƙon shugabannin makarantun Jibiya, da fataken da ke da iyayen gida a Maraɗi, su zauna su duba ko za a fara da yara goma, in hanya ta yi lafiya. Allah shi tsare matafiya, shi saka wa masu saukar baƙi da alheri.