Kakin Ganyen Masara da Tsutsa

Ya kai mai karatu, in ka shiga gona da sassafe tun masara tana ƙarama, dubi raɓa bisa ganye. Za ka ga ba ta jiƙa shi ba, sai ta dunƙule, ta gangare ƙasa. Abin da ya sa haka, akwai wani kaki marar kauri da ya rufe ganyen, ɗan'uwan farin garin nan da ka kan goge a jikin karan dawa. Babban aikinsa tsare ruwan cikin ganye ne, kada rana ta busar da shi. Amma yana da wani aiki kuma wajen ƙwari.

Akwai wata muguwar tsutsa mai cin masara, asalinta daga Amurka ne. A shekarar 2016 aka fara ganinta a Afirka, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, wanda kan saka ƙwai ɗari ko fi a wuri guda bisa ganye. To, in tsutsar ta ƙyanƙyashe, abin da ta ke fara taɓawa da bakinta da ƙafafunta shi ne kakin nan. In ya yi mata, sai ta zauna ta kama ci. In bai yi mata ba, sai ta yi ta yawo. Tsutsa mai yawo kuwa ba ta girma da sauri, ga rana, ga ruwan sama, ga tururuwa na jiranta.

Ka sani kuma kakin ba iri ɗaya ba ne. Ganye biyar ko shida na farko kakinsu gari-gari ne, shi ya sa ba su da sheƙi. Waɗanda ke fitowa daga baya kakinsu sumul ya ke, suna da gashi, sun kuma fi tauri. Masana a Amurka sun gwada, suka ga ƙananan tsutsotsi sun fi yawo bisa ganyen sama, sun fi natsuwa bisa na ƙasa. Suka ga kuma irin masarar da ke saurin fid da manyan ganye ya fi jure ɓarnar tsutsa. Don haka masu gyaran iri su ke lura da wannan hali.

Amma fa kada ka ce kaki kaɗai zai tsare maka gona, gama yana rage ɓarna ne, ba ya hana ta. Masara ta fi rauni a makonninta na farko. Saboda haka tun daga tsirowa riƙa zagaya gonarka da safe, kana juya ganye, kana leƙa tsakiyar shuka. In ka ga ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, murtsuke su nan take. In abin ya fi ƙarfinka, nemi malamin gona tun tsutsa ba ta shige ciki ta ɓuya ba.