Mutumin Benin da ya tafi Pari karatun falsafa

Ɗan uwa mai karatu, ka taɓa jin kalmar falsafa? Ƴan lakkol suna ce mata filozofi. Ilimi ne na yin tambaya da neman hujja. Mine ne gaskiya? Mi ya sa muka ce wannan adalci ne, wancan zalunci? In ɗanka ya kai ajin ƙarshe na lise, zai gamu da ita.

Yau za mu duba labarin wani maƙwabcinmu da ya tafi nesa don wannan karatu. Sunansa Polan Huntonji, mutumin Benin. An haife shi a 1942. Ya yi lakkol a Porto Nobo, sannan ya tafi Pari, babban birnin Faransa, ya shiga wata babbar makaranta ta horar da malamai. Ya samu digirin dokta a 1970.

To, mi tafiyar ta ƙara masa? Ya samu manyan malamai da littattafai masu yawa. Amma babban abin shi ne, ya karanta da idonsa abin da Turawa suke rubutawa a kan Afirka. Akwai wani fada ɗan Beljik, Tampel, da ya yi littafi a 1945. Ya nuna kamar mutanen Bantu duka tunaninsu ɗaya ne. Huntonji ya ce a'a. Kai ma ka sani, ko a gida ɗaya wa da ƙane suna gardama. Ina ga ƙasashe?

Ya koyar a Kinshasa da Lubumbashi, ya ga wata Afirkar da ba irin ta garinsu ba. Daga nan ya koma gida, ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar Kwatano. A 1990 ya zama ministan ilimi. Ya rasu a 2024.

Ga wurin da maganar ta shafe ka. A ganinsa, falsafa tana bukatar rubutu. Wanda yake riƙe magana da ka, ƙarfinsa duk yana ƙarewa wajen tsaron kar ya manta. In an rubuta ta, sai hankali ya huta. Sai a sake karantawa, a ce nan daidai ne, nan kuwa akwai gyara. Ni dai ban yarda tsofaffinmu ba su yi zurfin tunani ba, ai karin magana shaida ne. Amma wane ne ya fara faɗin kowace karin magana? Mi abokin gardamarsa ya amsa masa? Ba a rubuta ba, ya ɓace.

Ya kuma yi kuka da wani abu: masanan Afirka da yawa suna rubutu don Turawa su karanta. In ɗanka ya samu bursu zai tafi waje, ka ce ya riƙa rubuto maka abin da yake koyo da Hausa. Yanzu kana iya karantawa da kanka, ka mayar masa da tambaya.