Awon Sukarin Jini a Ɗakin Masu Ciwo Mai Tsanani

Yau za mu leƙa ɗakin nan na asibiti inda a ke kwantar da waɗanda su ke rai kwakwai mutu kwakwai, mu ga dalilin da ya sa likitoci su ke sa ido ƙwarai a kan sukarin jininsu.

Idan mutum ya sami mugun rauni, ko aka yi masa babbar tiyata, jikinsa kan saki waɗansu sinadarai masu sa hanta ta zuba sukari cikin jini. Sai sukari ya hau, ko da mutumin bai taɓa ciwon sukari ba. Da insulin a ke saukar da shi. To, amma a saukar da shi zuwa ina?

Cikin 2001 wata likita mai suna Greet Van den Berghe, ta birnin Leuven a ƙasar Beljiyam, ta gwada majiyyata 1,548. Waɗanda aka riƙe sukarinsu tsakanin miligiram 80 da 110 a kowane kashi ɗaya cikin goma na litar jini, mutuwarsu ta tsaya a 4.6 cikin ɗari, sauran kuwa 8 cikin ɗari. Asibitoci da yawa suka bi sahu. Sai ga shi a 2009 wani gwaji mafi girma, na mutum 6,104 a Ostireliya da New Zealand da Kanada, ya nuna akasin haka: waɗanda aka matsa wa sukari sun fi mutuwa, 27.5 cikin ɗari, sauran 24.9. Kusan bakwai cikin ɗarinsu sukarinsu ya faɗi warwas. Ƙwaƙwalwa kuwa da sukari ta ke aiki, kuma wanda ya ke kwance a sume ba shi da bakin cewa jiri ya kama shi.

Da can sai a huda yatsa bayan awa ɗaya ko biyu a auna. Abin da ya faru tsakanin awo da awo, oho. Yanzu akwai wata 'yar na'ura mai zare siriri kamar gashi, wanda a ke sokawa ƙarƙashin fata. Iri-iri ce, amma da yawa duk minti biyar su ke ba da awo, watau sau 288 a kwana guda.

A nan ne aikin ya ke. Kowane manomi ya san gonaki biyu na iya samun ruwan sama daidai wa daida a damina, amma ɗaya ta sha a kai a kai, ɗaya kuwa ambaliya ta ci ta, fari ya biyo baya. Haka majiyyata biyu: wannan ya yini kusa da 150, wancan ya faɗi 50 da asuba ya haura 250 da la'asar. In an tara an raba, duka 150 ne, alhali kuwa na biyun ya taka bakin kabari ya dawo. Saboda haka likita ya kan duba awa nawa sukari ya zauna tsakanin 140 da 180, inda yawancin likitoci su ke nufa yau, da sau nawa ya sauka ƙasa da 70, da kuma girman hawa da saukarsa. Abin da ya fi burge ni kuwa, na'urar tana nuna inda sukari ya dosa. Wanda ke kan 100 yana gangarowa da sauri, ana iya rage masa insulin tun bai faɗi ba.

Sai dai akwai cikas. Ba jini na'urar ta ke aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama ne, wanda ya kan makara da 'yan mintoci. In jini ya daina zagayawa sosai a fata, ko jiki ya kumbura, awon na iya kaucewa, kuma ga wanda ciwonsa ya fi tsanani aka fi ganin haka. Shi ya sa ko a 2020, da Amirka ta bar asibitocinta su yi aiki da na'urar don rage shigar ma'aikatan jinya ɗakin masu korona, in ta nuna abin da ba a yarda da shi ba, sai an ɗebi jini an tabbatar kafin a taɓa insulin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.