Bayan Tiyatar Kwatangwalo: Tambayar da Ma'aurata Ke Jin Nauyin Yi

Na san wasu za su ce, me ya haɗa mujallar ɗalibai da zancen ɗakin ma'aurata? To, a nan Hussaini Adamu muna da magidanta da matan aure a azuzuwanmu, mu da ba mu yi ba kuma muna hanya. Sannan duk mai hawa babur a titin Kano zuwa Daura, ko hanyoyin Roni, Gwiwa da Babura, bai fi ƙarfin karaya ba.

Kwatangwalo shi ne inda kan ƙashin cinya ke shiga cikin ƙashin ƙugu. In ya karye, likita kan ɗaure shi da kusoshin ƙarfe in mutum matashi ne, tsoho kuwa sau da yawa sai an sauya masa kan ƙashin gaba ɗaya. Daga yankinmu, irin wannan aiki yakan kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

An sallamo shi, an ba shi sanduna, an ce kada ya tsuguna. Amma batun kwanciyar aure fa? Shiru. Shi yana kunyar tambaya, ita ma haka. Sai a yi watanni ana zaman jinya, shi yana zargin an taɓa masa mazakuta, ita tana tsoron ta sake karya shi. Wallahi a ganina wannan zullumin ya fi karayar cin rai.

Gaskiyar magana, tiyatar kwatangwalo ba kasafai take taɓa jijiyoyin al'aura ba. Karayar ƙashin ƙugun kansa ce ke iya raunata waɗannan jijiyoyi da hanyar fitsari, kuma wannan matsala ce daban mai nata likitan. Abin da ya fi rage sha'awa bayan aiki shi ne ciwo, gajiya, damuwar rashin fita nema, da kuma magani. Tramadol da danginsa suna kashe sha'awa in aka daɗe a kansu, ga jaraba.

Galibi likitoci kan ba da izini bayan kamar mako 6 zuwa 8, gwargwadon yadda ƙashi ya kama. Wanda aka sauya wa kan ƙashi, akan hana shi lanƙwasa cinya ta wuce kusurwar zama a kujera, ko harɗe ƙafa, ko murɗa ta ciki, don kada ƙashin ya goce. Shi ya sa ake so mai jinyar, mace ko namiji, ya kwanta rigingine, mai lafiyar ya ɗauki wahalar motsi. Katifar ƙasa ma ba ta dace ba, gado mai ɗan tudu ya fi.

Su kuma masu maganin ƙarfin maza na bakin tasha, babu ruwansu da ƙarfen da ke cinyarka. Ranar komawa asibiti a tafi tare da mai ɗakin ko maigidan, in baki ya yi nauyi a rubuta tambayar a takarda a miƙa wa likita. In kuwa aka ji zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafa ta gajarce ko ta juya, a wuce asibiti a daren, ba gidan mai ɗori ba.