Tantance Jinsunan Sauron Maleriya Masu Kama da Juna ta Hanyar DNA

Kalmar "sauro" a Hausa ta tattara ƙwari masu yawa a ƙarƙashin suna guda, har da waɗanda ba su ɗauke da cutar maleriya. Masana ilimin ƙwari sun daɗe da ware dangin Anopheles a matsayin masu yaɗa cutar, amma su ma sun shafe shekaru suna kiran jinsuna da dama da suna ɗaya, wato Anopheles gambiae, domin ko a ƙarƙashin madubin likita ba a iya bambance su: fikafikansu da ƙafafunsu da bakinsu duk iri ɗaya ne.

A shekarun 1960 ne gwajin barbara ya fara tona asirin. Idan aka haɗa sauro daga wasu wurare biyu, sai mazan da aka haifa su fito ba sa iya haihuwa, alamar cewa iyayen jinsuna ne daban. Daga baya masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Mario Coluzzi, ya inganta hanyar duba zanen kuromosom na ƙwayoyin da ke ciyar da ƙwan macen sauro. Hanyar ta yi amfani ƙwarai a aikin Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da ke cikin Jihar Jigawa a yau. An yi feshi a cikin ɗakuna, an raba magani, amma yaɗuwar cutar ba ta tsaya ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani ɓangare na sauron yana hutawa ne a waje, inda feshin bai kai ba. Sai dai hanyar kuromosom tana da wahala: tana buƙatar mace wadda ta sha jini kuma ƙwanta ya kai rabin nuna, sannan tana buƙatar ƙwararren ido.

A 1993 Scott da Brogdon da Collins suka wallafa wata hanya da ta sauƙaƙa aikin. Ana ɗaukar ƙafa ɗaya ta sauro, ko mace ko namiji ko ma tsutsa, a ciro DNA, a ninka wani ɗan yanki nasa sau miliyoyi da dabarar da ake kira PCR. An tsara gwajin ta yadda kowane jinsi zai ba da gutsure mai tsawonsa: gambiae haruffa 390, arabiensis 315, quadriannulatus 153. Sai a tura gutsattsarin cikin wani abu mai kama da daskararren kamu ta hanyar lantarki. Gajere ya yi nisa, dogo ya tsaya kusa, a karanta sunan jinsin daga inda layin ya tsaya. Jinsuna biyu masu hayayyafa a ruwan gishiri, melas da merus, suna ba da 464 da 466, tazarar da ido ba ya gani, don haka wurin da aka kama su ke raba gardama: na farko a gaɓar tekun Afirka ta Yamma yake, na biyu a gabas.

Wannan bambancewa tana da muhimmanci ga aikin lafiya. Quadriannulatus dabbobi yake cizo, ba ya cikin masu yaɗa cutar ga mutane. Arabiensis, wanda ya fi jure busasshiyar ƙasa irin ta Sahel, yana cizon shanu da mutane, kuma sau da yawa yana hutawa a waje, saboda haka gidan sauro da feshin ɗaki ba sa cin ƙarfinsa kamar yadda suke cin na gambiae, mai son jinin mutum da kwana a ɗaki. Hukumar da ta ƙidaya su duka a matsayin abu ɗaya za ta kashe kuɗi a inda bai dace ba.

DNA ya ƙara raba gambiae ɗin kansa gida biyu, aka kira su siffar M da siffar S. A 2013 aka amince cewa M jinsi ne mai zaman kansa, aka raɗa masa suna Anopheles coluzzii don karrama Coluzzi. Shi ya fi hayayyafa a ruwa mai daɗewa kamar na gonakin shinkafa, alhali gambiae ya fi son kududdufan damina masu saurin ƙafewa. Duk inda aka faɗaɗa noman rani, akwai dalilin sa ido a kan coluzzii.

Iyakar da ke tsakanin jinsunan biyu ba ta rufu gaba ɗaya ba. A Mali, wajajen 2006, sauyin gado da ake kira kdr, mai taimaka wa sauro jure maganin da ke jikin gidan sauro, ya tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii ta hanyar barbara. Gwajin da ke duba wuri guda a jikin DNA zai ci gaba da kiran irin wannan sauro coluzzii ba tare da ya nuna abin da ya aro ba. Shi ya sa ɗakunan bincike ke haɗa gwajin jinsi da gwajin juriya ga magani a kan sauro ɗaya, wasu kuma suna karanta DNA ɗinsa gaba ɗaya.