Wuƙar Maƙeri Ko Ta Kanti: Wacce Ta Dace Da Madafar Garwa?

A yawancin gidajen birnin Garwa ba a kan katako ake yanka kayan miya ba, a hannu ake yi. Uwargida za ta dunƙule ganyen yakuwa, wanda Fulani ke kira folere, ta matse shi a hannun hagu, ta riƙa yanka shi siriri-siriri yana zuba cikin kwano. Haka take yi wa kuɓewa, haka take yi wa albasa da attarugu, bakin wuƙa yana tsayawa dab da babban yatsanta. Mai irin wannan aiki ba ta buƙatar ƙatuwar wuƙar mahauta. Ƙarama take so, marar nauyi, wadda ruwanta bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba. In ta shiga babbar kasuwar Garwa, ko ta je kasuwar Pitowa ranar Lahadi, iri biyu za ta tarar: wuƙar maƙeri da wuƙar kanti.

Wuƙar kanti ita ce mai ƙyalli, mai ƙotar roba, wadda galibi daga ƙasar Sin ake shigo da ita, wani lokaci ta biyo ta kasuwannin Najeriya. Ƙarfenta irin wanda Harry Brearley ya gano ne a birnin Shafil na Ingila a 1913, wato ƙarfen da aka gauraya da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100 don kada ya yi tsatsa. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Tsamin yakuwa, da ruwan tumatir, da lemun tsami ba sa yi mata komai. Ko ta kwana a cikin ruwan wanke-wanke, da safe za a tsame ta fes. Matsalarta tana bakinta. Masu araha daga cikinsu ƙarfensu mai laushi ne, ba su jimawa sai su dakushe, in kuma an wasa su kaifin ba ya zama. Ƙotar robar ma kan tsage, ko ta narke in aka manta da ita a gefen murhu, kuma ba mai gyara ta. Araha dai ba ta ado. Akwai nagartattu, irin su Victorinox ta Suwizalan da Opinel ta Faransa, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Wuƙar maƙeri kuwa baƙa ce, ba ta da kwalliya. Daga tsohon sifirin mota ko guntun zarto ake ƙera ta. A sa ƙarfen cikin gawayi, a yi ta zuga har ya yi jawur, a buge shi a kan uwar maƙera ya yi fale-fale, sannan a tsoma shi cikin ruwa ko mai don ya yi tauri. Daga nan a gyara bakin da magagari, a sa ƙotar itace. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi da sauri, yana kuma riƙe shi. A goga shi kaɗan a kan dutse, sai ya ratsa ganyen tafasa ko zogale ba tare da ya dagargaza shi ba, kuɓewa kuma ta fita ƙwaya-ƙwaya yauƙinta bai tsiyaye a hannu ba. Ga shi mai saye na iya gaya wa maƙerin tsawon da take so da kaurin ƙotar da ya dace da tafinta, in ƙotar ta kwance ta mayar masa ya ɗaure. Aibinta tsatsa ne. Tsami yana baƙanta ta, har ta kan shafa wa albasa ko tumatir duhu in ba a goge ta ba, da damina kuwa dare ɗaya ya isa ta yi ja.

Idan aka ɗora su a sikeli, ni dai na fi karkata ga ta maƙeri. Tsatsa cuta ce mai magani: a wanke, a tsane da tsumma, a shafa ɗan man gyaɗa, in ta yi ja a cuɗe ta da toka. Rani a Garwa yana da tsawo, iska a bushe take wata da watanni, don haka wahalar ta lokacin damina ce. Dakushewa kuwa haɗari ne ga mai yanka a hannu. Dakusasshiyar wuƙa sai an danna ta da ƙarfi, kuma daga dannawar ne take zamewa daga fatar tumatir ta sauka a yatsa. Mai kaifi ita ce ke bin inda hannu ya nuna mata.

Sharaɗi ɗaya ne: a sami mai kula da ita. A gidan da hannuwa suka yi yawa, yara su ɗauka su ɓare mangwaro su yar a tsakar gida, gara ta kanti, a nemi mai kaurin ƙarfe wanda ya shige har ƙarshen ƙota. Amma matar da wuƙarta tata ce, tana da wurin ajiye ta da dutsen wasa ta, ta nufi maƙera. Kafin ta biya, ta duba ruwan ya miƙe, ta girgiza ƙotar ta ji ba ta motsi, sannan ta nemi a ba ta albasa guda ta gwada a gaban mai sayarwa.