Akuya na da dillali, ɗan barema ba shi da kowa

Duk wanda ya taɓa jan akuya zuwa kasuwar Matameye ya san ba shi zai yi cinikin ba. Tun daga bakin kara dillali zai karɓi igiya, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa ƙugunta, ya ce, "Baba, zauna a inuwa, ka bar mini." Ya san mahaucin da ke neman ta yanka, ya san matar da ke neman ta kiwo. Bayan an sha "albarka" an kai ga sallamawa, shi ke ƙirga kuɗi ya cire la'adarsa. In gobe aka ce akuyar ta sata ce, wuyansa za a kama. In mai saye ya ɗauka bashi, shi zai bi sawu.

To, a dubi saurayin da ya fito da hauya a kafaɗa cikin watan Yuli, rumbun gidansu ya ƙare, gero bai ko yi ciki ba. Abin sayarwarsa ya fi akuya daraja nesa ba kusa ba, amma babu mai karɓa masa igiya. Zai tsaya ƙofar wani Alhaji ya tambaya ko akwai barema. Alhaji ne zai yanka farashi, shi ne kuma zai ce an yi aikin da kyau ko ba a yi ba. In ya ce "dawo ranar kasuwa", sai haƙuri. Abin da ya fi ciwo shi ne kwanakin da yaron ya yi yana nome gonar wani, tasa gonar ciyawa ke ci, ga shi baɗi rumbun zai ƙare da wuri fiye da bana.

Mai gonar ma ba daɗi yake ji ba. Masu lambu a ƙoramun Dungu, inda ake noman rake da kabeji da tumatir, suna neman hannun da ya san aiki: wanda zai kunna injin ban ruwa ya gane kukansa in ya canza, wanda zai auna maganin ƙwari da murfinsa maimakon ya kwarara da ka, wanda ya iya aurar da mangwaro. Sai su ɗauki wanda suka gani, ya ƙone musu shuka da taki, a rabu ana jin haushin juna.

Ba wai hukuma ba ta san da buƙatar ba. Tun 1996 Nijar ta kafa ANPE don haɗa mai neman aiki da mai ɗauka, sai dai ofishinta na jiha yana Damagaram, kuma masu takardar makaranta ne suka san ƙofarsa. Asusun FAFPA yana biyan kuɗin koyon sana'a. Shirin 3N na zamanin Shugaba Mahamadu Isufu ya zo da tsarin Gidan Manoma a kowace ƙaramar hukuma, mai shagon taki da iri, wurin gyara da hayar kayan noma, da cibiyar koyon sana'a. Ƙungiyar manoma ta RECA kuma tana da layin waya da manomi zai kira a ba shi shawara da Hausa. Duk waɗannan alheri ne. Amma kusan dukkansu mai gona suke kallo. Wanda gonarsa ta zama ɗan fegi bayan an raba gado sau uku, wanda rabin cinsa daga gonar wasu yake fitowa, ba a yi masa rumfa ba.

Inda dillalin kirki bai zauna ba kuwa, na banza ke shimfiɗa tabarma. Mai mota da ɗan kamasho su suka san ƙofar kowane gida a ƙauyukan Kance, su ke cewa akwai samu a Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada bayan Arlit, ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka tashi.

Ni abin da nake roƙo bai kai gina sabon ofis ba. A ma'aikatar magajin gari ko a Gidan Manoma a samu mutum ɗaya da littafi, wanda zai rubuta wane ya iya me, wane kuma ke neman hannu, a yanka lada a gabansa kafin a taɓa hauya, kuma a san wurinsa za a dawo in an saɓa. Horon kuma a yi shi da rani cikin lambu, a ba wanda ya gama shaidar da mai gona zai yarda da ita. Malaman ma suna nan: manoman Matameye da Magarya da Mirya su suka mayar da gawo cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har masana daga Turai da Amurka suka zo ganin yadda aka yi. Tsohon da ya san wane toho ake bari, wane ake sarewa, a biya shi ya koyar da samari ashirin kafin ruwan farko ya sauka.